Ranar Da Na Ƙona Bincikena Da Hannuna

Shekarun baya, ina tsakiyar digirina na biyu, na zaɓi in binciki yadda tsananin zafi da ƙafewar rijiyoyi ke jawo wa mutane ciwo a ƙauyukan Shinkafi. Lokacin ji nake duk garinmu Ƙaura babu mai ilimina. Har gilashi nake sawa, alhali idona garau yake.

Wanda ya shigar da ni ƙauyen, can gaba da Galadi, aminin mahaifina ne, dattijo mai fataucin gero zuwa Kasuwar Daji. Kawu nake ce masa. Ya kai ni gaban maigari ya ce, "Wanga yaro ɗana ne. In kunka ga mugun abu gare shi, ni za ku kama." Da wannan maganar aka buɗe min gidaje.

Takardar tambayoyina ta lafiya ce: wa ya yi zawo, wa ya yi sanƙarau, daga wace rijiya ake sha. Amma shafin farko, wanda malamina ya ce dole ne don a san ƙarfin kowane gida, yana neman sunan maigida, shanunsa nawa, rumbu nawa, ko akwai babur, kuma in zafi ya yi zafi a ɗaki ake kwana ko a waje. Ni kuma da iyayi har taswira nake zanawa a baya, daga rijiya zuwa ƙofar gida. Wata biyar ina wannan aiki, jakata ta cika fam, ban kwafe ko shafi ɗaya a kwamfuta ba. Kullum sai in ce gobe.

Wata safiya ina ɗibar ruwa a kwalba a bakin rijiya, sai ga 'yan sa-kai biyu a kaina, babu ko sallama. Kwana biyu kafin nan ɓarayin daji sun kore shanun wani gida, sun tafi da maigidan. Mako guda kafin nan na cike takardarsa.

Suka tasa ni gaba zuwa ƙofar maigari, na tarar da taro. Kawu na zaune a ƙasa cikin rana, kansa babu hula. Tun da nake ban taɓa ganin furfurar kansa ba sai ranar. Wani daga baya ya ce "infoma", wato mai kai wa ɓarayi rahoto, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san inda mai wannan suna ke ƙarewa.

Shugaban 'yan sa-kai ya zazzage jakata, ya miƙa wa wani malamin firamare takarda ɗaya ya ce ya karanta da Hausa. Ta mutumin da aka sace ce. "Shanu tara. Rumbu biyu. Yana kwana a waje, bakin garke." Da Turanci tambayoyin nan ilimi ne, amma da na ji su da Hausa, a gaban matar mutumin, ni kaina sai na tsorata da kaina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, binciken lafiya ne..."

"Zawo kaz zo nema ko shanu?" Shugaban ne ya katse ni, sannan ya juya ga Kawu. "Alhaji, kai kac ce a kama ka."

"Ni nac ce," in ji Kawu. "Ban canza magana ba."

Maigari ya dube ni. "Yaro, ina takardun ga ka kwana?"

"Ƙaura, ranka ya daɗe."

"Bisa mi kaka kai su?"

"Babur."

"Sau nawa anka tare hanyar nan bana?"



"Ni ban ce kai infoma ne ba," in ji maigari. "Infoma bai da wautar rubutawa. Amma ran da anka tare ka, ka kai musu garin ga duka cikin jaka."

Ban taɓa tunanin haka ba, wallahi, ko sau ɗaya.

Shugaban ya yanke magana: ko takardun su ƙare a nan, ko in tafi da abina, su riƙe Kawu har sai wanda aka sace ya dawo. Babu wanda ya san ranar dawowarsa, ko ma zai dawo.

A nan ne abin kunyar yake. Ban amsa nan take ba. Na dubi tarin takardun, na tuna wahalar wata biyar, na tuna fuskar malamina, har na fara lissafin ko za a bar min shafukan lafiya kawai. Sai da na yi jim, sannan na ce a ba ni ashana. Takarda a dunƙule ba ta cin wuta, dole na riƙa warewa ina jefawa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na kallo. Da ta cinye, aka miƙo wa Kawu hularsa.

Shekara guda wannan ya ƙara min a jami'a. Mutumin da aka sace ya dawo gida daga baya, alhamdulillahi. Yau ni ke duba takardun tambayoyin ɗalibai, kuma babu wanda nake sa wa hannu sai ya karanta min tasa da Hausa, da ƙarfi, kamar yana ƙofar maigari.

Shekarar da na rasa ba ta damuna. Abin da har yau ke sa ni jin kunya shi ne abin da Kawu ya faɗa min ranar, yana goye da ni a babur. Da muka hango Shinkafi sai ya ce, ko juyowa bai yi ba:

"Ɗana, na ga sadda kat tsaya tunani."