Ranar da Ƙyas Ya Manta Bai Murɗa Zobe Ba

Ana ta yaɗawa a layinmu wai maciji ya haɗiye kyamarar Ƙyas, kuma har yau tana aiki a cikinsa. Wai in ka bi ta bayan kangon nan na ƙarshen titi da hantsi za ka ji ƙyas, ƙyas, macijin yana ɗaukar hoton hanjinsa. Mai aski har rantsuwa ya yi ya ga hoton ƙoda. Ƙarya ce tsagwaronta. Kyamara tana nan rataye a ƙusa a shagon mai ita, har ta fi shi lafiya. Maciji dai akwai shi a zancen, nan kam ba a yi masa sharri ba.

Ƙyas ɗan Gwaggo ne, mai gyaran agogo. Shagonsa in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango: tebur ɗaya, fitila ɗaya, benci na masu jira, da gwangwanaye cike da sukurori ƙanana kamar ƙwayar yashi. Yini yake da ɗan gilashi maƙale a idon dama, na hagu a runtse, yana tsintar abin da sauran mutane ba sa ko gani. Da idon nan yake ciyar da mace da 'ya'ya huɗu. Shi ya sa ko albasa ake yankawa a gida sai ya fita ƙofa.

Tsoro kuwa, a danginmu ba a taɓa haifar kamarsa ba. Kaza mai 'ya'ya ta taɓa hana shi shiga gidansa tun azahar har la'asar. Sai ga shi shekara uku da suka wuce ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani da ya kawo gyaran agogo, da dogon gilashi mai zobe a jiki. In ka murɗa zoben gaba, abin da ke can nesa ya zo gabanka kamar ka shafa. In ka mayar da shi baya, komai ya ja can ya ƙanƙance, ɗaki guda ya shige a hoto ɗaya. Tun daga ranar matsoraci ya samu abin da ya rasa. Kare mai cizo, ragon da ke tunkuyi, shaho, duk ya ɗauke su ido cikin ido, alhali yana tsaye taku ashirin daga gare su. Har wata magana ya ƙirƙiro yana gaya wa kansa in ya leƙa: "Kada ka damu, nesa yake." Daga ƙarar maɓallin muka sa masa suna, har Gwaggo da ta haife shi ta bi mu.

Ana gobe abin zai faru, ƙannen matarsa suka zo gaisuwa, ta ce ya ɗauke su gaba ɗaya a falo. Falon nan kuwa bai fi shagon da komai ba, dole ya mayar da zobe baya ƙarshe kafin kowa ya shiga. Ya ɗauka, aka yi dariya, ya mayar da kyamara jaka.

Washegari ranar hutunsa ce. Da hantsi ya nufi kango, inda aka tara fasassun bulo da tsofaffin tayoyi, don wani ƙadangare mai jan kai da ya yi mako biyu yana bi. Ya hango shi kan bulo. Ya kwanta rub-da-ciki, ya manna idon dama a 'yar tagar leƙe, ya runtse na hagu yadda ya saba, ya ga ƙadangaren ɗan mitsitsi. Maimakon ya taɓa zobe, sai ya ce a ransa ai ya yi nisa da yawa. Ya ja ciki. Har yanzu ƙarami. Ya ƙara ja, bai ɗaga ido ba ko sau ɗaya.

Ƙadangare ya arce. Daga cikin tayar da ke gefe wani baƙin abu ya miƙe, ya fasa kai faffaɗa kamar tafin hannu. Gamsheƙa ce, irin mai tofa dafi a ido.

Ƙyas daɗi ya ji. "Allah ya kawo rabo," ya ce a ransa, "nesa take." Ya danna. Ya sake dannawa.

Sai ya ji huci.

Shekara uku yana leƙen namun duniya ta gilashin nan, bai taɓa jin numfashin ko ɗaya ba. Gilashi gani yake jawowa, ba ya jawo ƙara. Wannan hucin kuwa a kunnensa yake, har yana jin fatarta tana gogar roba. A hankali ɗan yatsansa ya lalubi zoben, ya same shi can baya ƙarshe inda ya bar shi jiya a falo. In a wannan murɗin ta cika hoto haka, to tsakaninsa da ita bai kai tsawon hannu ba.

Motsin yatsan ta gani. Ya ji tsat! a kan gilashi, duniyar da ke cikin tagar ta rikiɗe ta zama hazo. Ta ƙara, wannan karon a goshi da bayan hannu, ɗumi-ɗumi. Idon dama yana bayan kyamara, na hagu a runtse. Ya san in ya buɗe wannan ko ya sauke waccan, ya gama da sukurori har abada. Fuskokin yaran suka zo masa ɗaya bayan ɗaya, da ƙofar shago a garƙame.

Bai sani ba ko minti biyar ya yi ko yini guda. Gwiwar hannunsa tana kan fasasshiyar kwalba, tururuwa suna hawa wuyansa, kyamarar ta yi nauyin buhun siminti. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, har da ta shiga kasuwa. Ga dafin da ke goshi ya haɗu da gumi ya fara gangarowa, a hankali, ya tsaya a gira, ya cika, ya ɗiga kan fatar idon hagu. Wani ya nufi na dama ta gefen hanci. Ya runtse shi ma.

Can ya ji ƙaras-ƙaras cikin busasshiyar leda. Tafiya take ko matsowa? Babu idon tambaya. Ya jira har ƙarar ta mutu, sannan ya fara jan ciki da baya, kowane motsi yana jiran haƙori a kunci. Da ƙafarsa ta taɓa kwalbati ya miƙe, ido biyu a rufe gam, kyamara a fuska, ya bi ƙugin injin wankin mota da ke tsallaken titi. Babur ya kusa kwashe shi, mai babur ya zage shi tas.

"Mai wanki! Mai wanki, ruwa!"

Mai wankin mota ya ɗago daga kan taya. "Maigida, hoton ma yau da ido rufe ake yi?"

"Maciji ya tofe ni! Wanke min fuska, don Allah, kada ka bari ya shiga!"

Mutumin ya jefar da soso ya ɗauko tiyo. "Sauke abin nan."

"Ba zan iya ba. Hannun ya ƙi."

Sai da ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye kyamara kan rufin mota, ya kama ƙeyar Ƙyas ya sunkuyar da shi ya sakar masa ruwa, ya wanke shi kamar motar da ta dawo daga ƙauye da damina. Ya ce masa ya buɗe. Ƙyas ya ce a ƙara. Aka ƙara. Ya ce a ƙara dai. Sai da mai motar ya fara ƙorafi sannan ya ɗaga fatar idon dama kaɗan, kamar mai leƙen ɗakin da ake zaton akwai ɓarawo. Ya ga lambar mota, ya karanta ta da ƙarfi. Ya buɗe na hagu ya sake karantawa. Daga nan ya zauna daɓas cikin kumfa.

A asibiti nas ta haska ido biyun ta ce ko ɗigo bai shiga ba. Gwaggo ta yi kuka, ta gode wa Allah, ta ce a jefa kyamarar a rijiya. Shi kuwa kwana biyu ya yi yana goge gilashin da auduga, hannu cikin leda.

Ranar da ya wanko hoton ya kafa a bangon shago, wani taubashinsa, ɗan kawunsa, mutumin kirki mai faɗin gaskiya, ya leƙo ya zauna a benci. Hoton kam ba daɗin kallo: baƙin kai ya cika takarda, baki a buɗe, ana iya ƙirga ɓawon wuyanta.

"Sannu jarumi," in ji taubashin. "An ce har ruwan da aka tarar a wandonka ba duka na mai wanki ba ne. Ɗan mace dai bawan ɗan namiji ne, ko kaza ta san da haka."

Ƙyas bai ko cire ɗan gilashin daga ido ba. Ya ci gaba da ɗaura sukuro.

"Ni da ita taƙi biyu ne tsakaninmu, kuma na ɗauko ta. Kai a takarda ka gan ta, tun da ka shigo ƙafafunka suna kan bencina. Sauke su, mutane ke zama a wurin."