Rariyar da Na Toshe a Lambun Baba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta alherinsa, amma laifina zan rubuta, don shi ya hana ni sakat.

Baba manomi ne a Buji, ciwon ƙafa ya dawo da shi gidana a Yalwawa. Bai iya zama haka kawai ba. Kafin wata biyu ya mayar da filin ƙuryar gidan lambu, ya yanka fangali, ya ja hanyoyin ruwa da fartanya daga gindin tanki. Hanya ta ƙarshe ta bi jikin katanga ta fice ta wata rariya. Na sha yi masa mitar ruwa na zurarewa waje, sai ya ce, "Bar shi, ƙasa ce ke sha."

Bayan sadakar arba'in na kawo mai gyara, muka binne hanyoyin nan, muka shimfiɗa tiyo mai ƙananan huji da ke ɗiga a gindin kowace shuka. Rariyar kuwa da hannuna na cika ta da siminti. Har abokan ofis na kira su ga aikin zamani, ina ta hura hanci.

Watan jiya tiyon ya farfashe, rana ta cinye shi. Mai gyara ya hau katanga zai ja sabo, sai ya ce, "Alhaji, wannan busasshen lambun fa?" Na leƙa. Fangali uku ne daidai bakin rariyar, yankan Baba sak, da kututturen zogale. Gidan Iya Hansai ne, tsohuwar da mijinta ya rasu tun kafin mu tare, kuma ba ta da famfo. Da ganyen nan take kwaɗon da take sayarwa ta ci abinci. Na ga lokacin da ta daina, na ɗauka tsufa ne.

Na shiga gidanta na durƙusa, na kasa ɗaga kai. "Iya, me ya hana ki faɗa mini?"

"Haba ɗan nan, ai ruwanka ne," in ji ta. "Mahaifinka ko godiya hana ni ya yi. Kuna cikin makoki in zo da zancen zogale?"

Da Baba zai ga tiyon nan na san zai yaba, yana son dabara. Sannan ya tambaye ni wa ke sha a bayan katanga, ni da na gaji lambun da tankin, ban taɓa tambaya ba. Kunyar nan har yau ba ta sake ni ba.

Na fasa simintin na zura bututu, ruwa ya isa fangalinta. Iya ta daɗe tana kallonsa daga kan tabarma.

"Allah Ya yi maka albarka," ta ce. "Sai dai yanzu ba na iya sunkuyawa."