Dakan Ƙaiƙayi

Shekarar da aka canja kuɗi, fam ya tafi naira ta zo, ita ce damina ta biyu da ruwa ya ɗauke mana gero na cikin bununi. Lokacin ina goyon ɗana na uku, watansa bakwai. Maigidan ya tafi birni cin rani.

Yaron nan ba ya barci sai a baya, sai kuma ina daka. Kafin in sauke taɓarya sau goma zan ji kansa ya yi nauyi a tsakanin kafaɗuna. To, rumbu ya ƙare, me za a daka? Nono ya ja baya, shi kuma kuka har muryarsa ta dishe. Sai na kwaso ƙaiƙayi na zuba a turmi, na ɗaure shi da majanyi, na kama daka. Ya yi barci. Hantsi da la'asar haka nake yi, har da lugude, don duk unguwarmu ba macen da ta fi ni hannu.

Gidajenmu a can wajen Minjibir darni ne kawai tsakani. Matar maƙwabcinmu takan ɗago murya, "Masu hatsi, a daka lafiya! A rage mana ko dusa." In ce, "Aiko da buhu." Mu yi dariya. Bakina bai iya cewa babu ba, a gidan ubana ba a taɓa roƙo ba.

Ana nan sai wani ɗan garinmu, ɗan kasuwa a Kano, ya aiko da dawa a raba. Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci, suka ce a fara da gidajen da taɓarya ta yi shiru. Dawar ta ƙare ba a zo kanmu ba. Na ji, na haɗiye, na ci gaba da dakana. Yaro kuwa barcinsa sai ƙaruwa yake, har ina yabon dabarata.

Tsohuwar da ta yanke masa cibi ce ta shigo aron rariya. Ta leƙa turmi, ta ɗebo, ta hura, duk ya tashi. Ta sa yatsa a maɗigar yaron, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"'Yar nan, tun yaushe?"

"Inna, ai barci yake."

"Wannan ba barci ba ne. Ƙarfin kukan ne ya ƙare."

Daga nata rabon ta damo kunu. Muna ɗura masa, yana dawowa ta gefen baki. Kwana biyu, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Ubansa bai ga ko likkafanin ba.

Yanzu tsohuwar ta rasu, dattawan duk sun tafi, maigidan ma ya bi su. Saura ni da maƙwabciyar nan, tana Gezawa wajen ɗanta, ido ya tafi. Ran suna ko biki mukan haɗu, mu gaisa, mu tambayi jikoki. Ba ta taɓa tayar da zancen dakan nan ba.