Raketin Mushe Mainassara da Damina

Mainassara, wanda ake ce wa Mushe kamar sauran malaman boko, ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a lekwal, amma a Magarya ba da wannan aka san shi ba. An san shi da gajeren farin wando da yake sawa kowace Lahadi, ya tafi filin tanis da ke bayan tsohon siton gyaɗa. A Zinder ya koyi wasan yana saurayi. Tun da Sirajo abokin wasansa ya rasu, shekara uku ke nan, da bangon siton yake bugawa, bangon kuwa bai taɓa gajiya ba.

Sai Alhaji Habu, wanda ya sayi siton da filin, ya tsayar da shi wata safiya.

"Mushe, wasan nan na ji an ce na mutum biyu ne."

"Haka ne, Alhaji."

"To ni ɗaya nake gani. In kaka ta yi ban ga na biyu ba, gyaɗa zan shanya a wurin."

Mainassara ya daina cin abinci sosai. Ya bi ma'aikatan gari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce gwiwarsa. Can ya ji labarin wani malamin gona, Nassirou, da aka kawo Dungas, wai ya iya. Ya aika masa, Nassirou ya ce zai zo sau ɗaya ya gani.

Matsalar ita ce raketin da yake buga ƙwallon da ita. Zarenta na asali ya tsinke tuntuni, baduku ya saƙa masa wani da tsirkiyar fatar akuya. Da rani tana ƙara kamar sabuwa. Amma yanzu watan Agusta ne, gero ya kai kafaɗa, iska ta yi nauyi, riga ba ta bushewa a igiya. Fatar ta sha laima ta saki. Ranar Asabar ya buga ƙwallo, ta faɗi gaban ƙafarsa.

"In baƙon nan ya ga haka ba zai dawo ba," in ji shi da ya koma gida.

Habsatou matarsa ba ta ɗago daga tankaɗe ba. "Malam, ba ka taɓa ganin makaɗa da damina ba? Wuta suke nuna wa ganga."

Ran Lahadi da la'asar ya isa fili da raket a hannu ɗaya, murhun shayi da garwashi a ɗayan. Nassirou ya sauka daga moto, ya dubi murhun. Alhaji Habu ya sa an kawo masa kujera ƙarƙashin itacen bedi.

In Mainassara ya gasa raket sau ɗaya, tana kai minti goma ana wasa. Daga nan fatar ta sake saki, zufa ta cika masa tafin hannu, sai ya ce, "Ɗana, a sha iska," ya tsuguna yana juya raket bisa garwashi, idonsa ɗaya kan Nassirou ko zai nufi motonsa. A hutu na uku Nassirou ya duba agogo. Sai ya nuna murhun ya ce:

"Baba, wutar nan haka za ta ƙare a banza? Ba buta?"

Aka aika gida, Habsatou ta ba da buta da ganyen shayi. Raket ta koma gefe ɗaya na murhun, buta ɗaya gefen.

Nassirou ya ci shida da ɗaya, ya sake cin shida da biyu. Ya shanye kofi na uku, ya goge wuya, ya hau moto.

"Lahadi mai zuwa in taho da sukari, Baba. Naku ya yi kaɗan."

Alhaji Habu ya miƙe, ya ƙirga su da yatsa, ya ce biyu ne, ya tafi. Mainassara ya zauna bakin fili har garwashin ya mutu, yana tunanin ranar da ruwa zai sauko da la'asar.