Haƙoran Maman Tracy

Duk mai sayen yalo a kasuwar Sabon Tasha ya san Celina, wadda ake kira Maman Tracy. Wanda bai san sunanta ba ma ya san haƙoranta. Ba ta miƙa wa mutum kaya sai ta zari yalo ɗaya a kwandon, ta goge a zaninta, ta gartsa masa cizo, ta nuna cikinsa fari tas. "Abin da ban ci ba, ba na ba wani," in ji ta. Shekara goma sha tara ta yi tana haka, har ana tsokanarta wai rabin gonarta a cikinta yake ƙarewa.

Gonar a Rido take, ɗan fili ne da mijinta ya mutu ya bar mata, inda kana tsugune kana hango matatar mai. Ita ba ruwanta da maganin ƙwari na kwalba. 'Ya'yan darbejiya take dakawa, ta jiƙa su kwana, ta tace da tsohon ɗankwali, ta sa ɗan sabulu ta fesa. Hannunta ɗaci, yalonta lafiya.

Bana sai tsutsa ta zo da ƙarfinta. Da fari kawunan rassa ne suka langaɓe kamar an watsa musu ruwan zafi. Daga nan ta shiga 'ya'yan: waje sumul, ciki ruɓa. Celina ta yanke, ta binne, ta ƙara ɗacin darbejiya, amma ina! Ranar da ta ciji yalo a gaban kwastoma ta ga rabin tsutsa yana motsi, kuka ta yi a keke har gida, don kunyar ta fi asarar yi mata ciwo.

Istifanus, maƙwabcin gonarta, ya yi mata dariya. "Maman Tracy, ke da ruwan ɗacinki! Tsutsar bana ta yi digiri. Abeg, sayi kemikal."

Ta saya. Mai shagon ya ja mata kunne: bayan feshi, kwana bakwai kafin a tsinka. To, shi yalo ba ya jiran kowa. Ka bar shi ya wuce lokaci, ya yi ja, ya yi tauri, ko akuya sai ta yi masa yanga. Kwana uku da feshi Celina ta tsinke kwando biyu. Sau uku ta wanke su, zuciyarta ba ta wanku ba.

Ranar Asabar sai ga Hajiya Sumayya daga Makera. Maigidanta ciwon suga ke damunsa, yalo ne abin taunawarsa, kuma shekara shida ba ta saya a hannun kowa sai Celina. Ta zauna a benci tana jiran cizo.

Celina ta ɗauki ɗaya, ta goge, ta kai baki. Hannun ya tsaya. Ta mayar da shi, ta ja buhu ta rufe kwandunan.

"Hajiya, yi haƙuri. Na yau ba na sayarwa ba ne."

"Ikon Allah! To, ni dai ba na koma wa Alhaji hannu rabbana."

Hajiya ta matsa teburin gaba, na Comfort, matar Istifanus. Yalon Comfort sai ƙyalli yake, ba huda ko ɗaya. Celina kuwa da idonta ta ga Istifanus goye da tankin feshi jiya da hantsi. Kuma Comfort ɗin nan, cocinsu ɗaya, ita ce ta yi wata guda tana dafa mata abinci lokacin rasuwar mijinta. Ta ina za a fara?

Hajiya ta zaɓi babba, ta juyo tana murmushi. "Maman Tracy, ara mini haƙoranki mana. In kin ci, hankalina ya kwanta."

Comfort ta zuba wa Celina ido.

Celina ta karɓa. Ta goge a zani, ta sake gogewa, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ciza. Cikinsa fari tas.

"Madalla," in ji Hajiya. "Comfort, zuba mini rabin kwando."

Celina na tsaye da yalo a kunci, ba ta tauna ba, ba ta haɗiye ba, har Hajiya ta hau keke ta ɗaga mata hannu. Sai da keken ya sha kwana ta sunkuya ta tofar a kwata.

Har yau tana nan a wurinta, ta koma wa darbejiyarta. In sabon kwastoma ya ce, "Mama, an ce ke kina ci kafin ki sayar," wuƙa take miƙa masa.

"Yanka ka duba da kanka," take cewa. "Kada ka yarda da bakin kowa."