Ashe Ba Awarar Baba Ba Ce

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo, ku yafe ni, kunya ce ta hana ni amsawa.

Ciwon ciki na yi. Murɗawa, kumburi, gudawa, wani lokacin kuma in kwana uku ban zaga ba. Ya fara ne bayan mun baro ƙauyenmu na wajen Tafoki mun dawo Faskari.

Ranar kasuwa ya fi tashi. Ranar ce kuma Baba ke kawo tsarabar awara, sai Inna ta ce ai ita ce. Aka hana ni awara, aka hana ni wake da yaji, na sha jiƙo har na gaji. A aji sai in fita sau huɗu, 'yan baya suna dariya. Baba ya ce in ciwon bai daina ba, in haƙura da makarantar. Ga jarrabawar ƙarshe ta matso.

A asibiti an gwada jini da bayan gida, an yi hoton ciki. Ba a ga komai ba. Likitar ta ce in sami littafi in riƙa rubuta abin da na ci da lokacin da ciwon ya taso. Ni da son cika bayani, har abin da ke faruwa a waje nake rubutawa.

Ta daɗe tana duba littafin.

"Nafisa, ko'ina kin sa 'babura suna wucewa'. Me babur ya yi miki?"

Sai kuka. Na faɗa mata ranar da 'yan bindiga suka shigo mana da azahar, na kwanta cikin gonar dawa ina jin ƙarar baburansu har la'asar. Ko Inna ban taɓa gaya wa abin da na gani ba.

Ta ce ciwon hanji ne da ake kira IBS, kuma firgici na tayar da shi. Ranar kasuwa kuwa babura suka fi wucewa. "Bakinki ya yi shiru, cikinki bai yi ba."

Subhanallah. Ashe jikin mutum na riƙe abu haka? Har yau mamaki nake.

Ta ba ni magani, ta haɗa ni da wata ma'aikaciyar lafiya mai ba da shawara da muke zama duk mako. Ita ta koya mini jan numfashi a hankali idan na ji ƙarar. Ciwon yana ɗan taɓa ni har yanzu, amma ba kamar da ba.

Jarrabawar lissafi ta faɗo ranar kasuwa. Babura suka yi ta wucewa, ban tashi ba sai da na gama. Da na fito, ga Baba a bakin ƙofa da leda a hannu.

"Ungo, ɗiyata. Ƙazafi muka yi wa awarar nan."

Alhamdulillah. Allah ya saka wa iyayena da likitata da alheri.

Don Allah, in an gwada ba a ga komai ba, kada ku tsaya kan abin da kuka ci kawai. Ku faɗa wa likita abin da kuka gani.