Makarantar da Muka Rushe da Hannunmu

Ina da wani taubashi wanda har yau in na jiyo muryarsa a tashar Ƙaura sai in sauya hanya. Ɗan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, kuma unguwa ɗaya muka tashi. Gidanmu gidan malamai ne, masu karantarwa da ɗan aikin gwamnati, nasu kuwa gidan 'yan kasuwa ne da masu motocin haya. Tun muna yara bakinsa ya fi hannunsa aiki. Abin da ya fi ci mini rai game da shi, ba ni da hanyar da zan zage shi zagin ya shige shi. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji wasa ne, kowa ya sani. Ko me na gaya masa, sai ya yi dariya, mutane su taya shi, a ce taubasai ne suke abinsu.

Bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, aka rasa ma'aikata ta ko'ina, sai ga ni an ɗaga ni zuwa hedimasta ban shirya ba. Aka tura ni wani ƙauye can cikin daji, tsakanin hanyar Zurmi da ta Shinkafi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi ƙaramar hukumar da yake ciki ba, don mutanen sun sha kunyar da ta ishe su. Makarantar ɗaki uku ce, ginin ƙasa, rufin azara. Mutanen garin ne suka gina ta da gayya tun zamanin da aka fara karatun firamare kyauta. Kusurwa ɗaya tana yoyo da damina, allon aji ɗaya ya tsage, bencina ba su wadata ba. Amma makaranta ce. Da safe a buga ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin tsamiya, yara su cika ɗakunan, har da 'yan mata. Ina son wurin nan ƙwarai, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba.

A shekarun nan na fahimci yadda kuɗin Tarayya ke saukowa ƙananan hukumomi. Bayan kason wata-wata da ake biyan albashi da shi, akwai tallafi na musamman, shi kuwa da yayi yake zuwa kamar atamfa. Bana a ce rijiyar burtsatse, baɗi a ce ɗakin shan magani, wata shekarar taki. Kowane da sharaɗinsa, wanda wani ya rubuta a Abuja bai taɓa ganin ƙauye ba sai ta gilashin mota. Su kuma mutanen sakatariya ba sa tambayar me gari ke buƙata. Tambayarsu ita ce me ake bayarwa bana, sannan su yanka garin ya yi daidai da abin. Na san garin da aka haƙa wa burtsatse a gefen gulbi, alhali abin da suke roƙo kwalbati ne.

Taubashin nawa a lokacin ya zama kansila mai kula da ayyuka. Yadda aka yi ya zama, Allah ne masani, don ni dai ban taɓa ganin ya ɗora bulo kan bulo ba. Wata rana da rani ya iso makarantar a kan sabon babur, ya zauna a kujerata ba tare da an ce ya zauna ba, ya ce ya zo mini da albishir. Tarayya ta ware tallafin gina sababbin azuzuwa, na siminti da kwano, da tagogin ƙarfe, har da ofishin hedimasta. Ya sa sunan ƙauyen. Sharaɗin ɗaya ne kawai, ba a ba wa garin da ke da gini. Masu dubawa za su zo su ɗauki hoto, dole su tarar da yara a ƙasa ƙarƙashin bishiya. Saboda haka a rushe ɗakunan nan kafin su iso.

Na ɗauka wasan ne ya fara. Da na ga da gaske yake, na ce masa ko tubali ɗaya ba za a taɓa ba sai na ga sabon gini ya kai linta, wato saman tagogi. Ya ce ai matsalata ke nan, na yi boko amma ban san gwamnati ba. Ya hau babur ya nufi gidan mai gari.

Da la'asar aka kira ni ƙofar mai gari, dattawa sun hallara. Na tarar ya riga ya gama da su. Ya kwatanta musu ginin har da launin fenti. Na roƙi izini na yi magana, na ce alkawarin gwamnati ba ya tare ruwan sama, kuma wanda ya kawo maganar na san shi tun yana satar rake a kasuwa, bai taɓa fara abu ya ƙarasa ba. Wallahi da zafi na faɗa. Sai shi ya fara ƙyalƙyalewa, ya dafa kafaɗata.

"Ranka ya daɗe, taubashina na. Ko aljanna ni kawo mai, sai ya ce ƙofar ta yi ƙanƙanta."

Duka wurin aka kwashe da dariya, har mai gari. Maganata ta mutu a nan.

Da gayya aka gina ta, da gayya aka rushe ta. Aka kira makaɗa, mata suka dama fura, samari suka hau katanga da gatura da diga suna gasa. Ni na tsaya nesa, ina riƙe da rajistar makaranta da kwalin alli. Wani tsohon magini, wanda yana cikin waɗanda suka ɗora tubalin farko, shi kaɗai ne bai ɗauki komai ba, ya zauna a gindin tsamiya yana kallo. Kafin azahar babu makaranta. Azarar aka raba, ƙofofin aka kai zauren mai gari a ajiye, ƙasar kuma aka kwashe aka yi yaɓe da ita don kada masu dubawa su ga alama.

Suka zo kuwa, cikin farar mota mai sanyi. Taubashina ya sa aka ɓoye bencinan, aka zaunar da yara a turɓaya, aka ce wanda ke da takalmi ya cire. Aka ɗauki hotonsu, aka ɗauki nawa ina nuna allon da aka jingina da bishiya. Ɗaya daga cikin baƙin ya girgiza kai, ya ce abin tausayi. Ban taɓa jin na tsani kaina da aikina kamar ranar ba. Ba a jima ba ɗan kwangila ya zo, ya haƙa ramin harsashi, ya juye yashi tifa guda, ya ce zai dawo da siminti.

Sai sojoji suka miƙa mulki, farar hula suka hau. Abubuwa suka sauya daga sama. Kuɗin da a da ake ce mana yana zuwa kai tsaye, yanzu sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa a babban birnin jiha. Shirin azuzuwa kuma aka ce sabuwar gwamnati tana sake nazarinsa. Damina ta faɗi, ramin harsashi ya cika da ruwa, kwaɗi suka tare. Yashin kuwa kowa ya ɗiba. In hadari ya taso sai in sallami yara, in an yi ruwa da safe babu karatu ranar.

Na yi zarya sakatariya har masinja ya daina tambayata wurin wa na zo. Yau a ce kaso bai sauko ba, gobe a ce ya sauko amma an yanke a sama, jibi a ce ciyaman ya tafi taro. In na ci sa'a na kama taubashin nawa, tun daga nesa zai ɗaga murya ya ce ga hedimastan tsamiya ya iso, a ba shi kujera don ya manta yadda ake zama a kai. Na kira shi maƙaryaci a gaban ma'aikata. Na kira shi macuci, na ce Allah ya isa. Ko wanne ya karɓa da dariya, ma'aikatan su ce kai, ku taubasan nan kuna ba mu nishaɗi. Sai in fito in hau kekena idona na zafi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, ina cikin waɗanda suka tafi Gusau a bayan motar kaya, kuma na yi murna har cikin zuciyata. Na ce to, yanzu akwai inda za a saurare ni ba a yi dariya ba. Na je wurin wani alƙali, abokin karatun yayana, na ba shi labari a gida kafin in kai ƙara. Ya saurara tsaf, sannan ya tambaye ni wa ya rushe ginin. Na ce mutanen gari. Ya ce an tilasta su? Na ce a'a, da kiɗa ma suka yi. Ya ce shi kansilan ya ɗauki wani abu daga ciki? Na ce ban gani ba. Sai ya ce in yi haƙuri, wannan sai dai hisabi. Labarin ya kai kunnen Inna, mahaifiyata, kafin in isa gida. Ta zaunar da ni ta ce muddin tana numfashi ba zan tsaya gaban alƙali da ɗan ƙanenta ba, kuma wa ya taɓa jin an yi fushi da taubashi. Na ce Inna, ba ni ya cuta ba, yaran mutane ne. Ta ce ta gama magana.

Cikin wannan hali umarni ya zo a raba maza da mata a azuzuwa. Da ɗakunan nan na nan, da abin bai fi a sauya wurin zama ba. Ni bishiya ɗaya gare ni. Na sa mata gabas, maza yamma, amma inuwa ba ta san umarni ba, da rana ta ɗaga sai kowa ya matso gindi. Iyaye suka ce ba za su bar 'ya'yansu mata a fili ba, kuma ban ga laifinsu ba. Matan suka fara ɗaukewa. Mazan suka bi, wasu gona, wasu kiwo. Malamaina biyu suka nemi canjin wurin aiki, na sa musu hannu. Ofishin ilimi ya aiko cewa in yara ba su dawo ba za a haɗe mu da makarantar wani gari da ke ƙetaren gulbi, inda babu uban da zai tura ɗansa.

Ana nan sai ga taubashina ya sake bayyana, wannan karon a mota. Wai yayi ya juya. Tarayya ta daina ba da kuɗin sabon gini, yanzu tallafin na gyaran tsofaffin azuzuwa ne. Duk makarantar da ke da tsohon gini, ko da na ƙasa ne mai yoyo, za a yi mata rufin kwano, a shafe ta da siminti, a kawo bencina. Sharaɗin dai masu dubawa su tarar da bango a tsaye.

Na daɗe ina kallonsa. Ko kunya babu a fuskarsa. Ya ce abin mai sauƙi ne, a kira gayya a tada bango iya ƙirji, a fasa shi nan da can, a watsa masa ruwa ya yi kamar tsoho. In ni na roƙa za su yarda, tunda suna ganin girmana.

Na so in tofa masa yawu. Amma makarantar ce a gabana, ba shi ba. Na haɗiye, na tafi ƙofar mai gari ni kaɗai, na durƙusa na faɗi abin da ke tafe da ni. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Mai gari ya sunkuyar da kai. Tsohon maginin nan ne ya amsa, a hankali.

"Malam, mun gina don ɗiyanmu, mun rushe don gwamnati. Yanzu kuma kango za mu gina? Ku bar mu hakanan."

Na tashi na tafi. Tallafin ya tafi wasu garuruwa, na ga makarantun da idona daga baya, sun yi kyau. Tamu aka rufe ta kafin wata daminar, ni aka mai da ni wajen Sakajiki. Taubashina kuwa gaba ya ci. Ya tashi daga wannan kujera ya hau wata, yanzu in ya shigo gari har rakiya ake yi masa. Ranar rasuwar Inna ya zauna kusa da ni a tabarmar gaisuwa, ya raɗa mini hedimastan tsamiya. Na tashi na koma wata tabarmar.

Bayan shekaru masu yawa, ranar wata kasuwar Shinkafi, ina tsaye gaban mai sayar da magani, wani magidanci mai gemu ya rusuna ya gaishe ni da Malam. Ban gane shi ba sai da ya faɗi garinsu da gidansu. Yana aji biyu aka rushe makarantar. Muka gaisa, na tambayi mutanen gari, ya ce mai gari da maginin duk sun rasu. Sannan ya ciro kwalbar magani daga aljihu, ya miƙo mini da hannu biyu. 'Yarsa ce ke zazzaɓi, mai maganin ya yi masa bayani amma hayaniya ta hana shi riƙewa, yana kuma jin nauyin sake tambaya. Ko zan duba masa abin da aka rubuta a jiki.

Ina cikin dubawa ya ce ai ɗan'uwana, wato taubashin nawa, ya je garinsu kwanan baya neman ƙuri'a, ya kuma tabbatar musu makarantarsu tana cikin kasafin bana.

"Ko gaskiya na, Malam? Kai ka san shi."

Na ce masa cokali ɗaya ne, safe da yamma, bayan ta ci abinci. Ya maimaita a bakinsa don kada ya manta, ya yi godiya, ya shige cikin kasuwa.